Firinta Ɗaya, Kwamfutoci Tara: Wace Hanyar Rabawa Ce Ta Dace da Ofishinka?

Wata mai makarantar kuɗi a Birnin Kebbi ta kira ni ana saura kwana huɗu a fara jarrabawar zango na uku. Takardun tambayoyi suna cikin kwamfutocin malamai, firinta kuwa ɗaya ce tal, tana jone da kwamfutar akawu. Akawun ya tafi Jega ta'aziyya, ya kashe kwamfutarsa, kuma shi kaɗai ya san kalmar sirrinta. Da na iso sai ta ce, "Malam, wagga firinta dai ta ishe ni. In sayi wata ne, ko in sayi sabar? An ce mini in na sayi sabar magana ta ƙare." Na ce, "Hajiya, firintar nan lafiyarta ƙalau. Hanyar da takarda ke bi kafin ta iso gare ta, ita ce ya kamata mu duba."

Tambayar Hajiya na sha jin ta daga masu shagunan buga takardu da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, musamman lokacin da ɗalibai ke haɗa furojet, da ofisoshin lauyoyi, da ƙananan asibitoci, da ofisoshin masu casar shinkafa. Hanyoyin raba firinta ɗaya ga mutane da yawa uku ne. Ko a jona ta da kwamfutar mutum ɗaya, sauran su ratsa ta wurinsa. Ko a jona ta da netwok, kowa ya aika mata da kansa. Ko kuma a ajiye na'ura ta musamman, wato sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, ta riƙa karɓar aikin kowa tana miƙawa. Duka ukun suna aiki ranar da aka haɗa su, kuma saurin fitar takarda kusan ɗaya ne, don injin firintar ne ke yanke wannan. Abin da nake aunawa shi ne: ranar da abin ya tsaya da ƙarfe takwas na safe, mai gyara yana Yauri ko Zuru, wa ke cikin ofishin da zai iya tayar da shi?

Ratsawa ta kwamfutar mutum ɗaya

Kusan kowa da wannan yake farawa, domin ba ta cin ko kwabo. Kana da firinta mai wayar USB, irin su HP LaserJet P1102 ko Epson L3210, ka jona ta da kwamfuta ɗaya, ka kunna rabawa a saitin Windows, sauran kwamfutoci su nemo sunan waccan su ga firinta. In mutum biyu ne ko uku a ɗaki ɗaya, kuma wadda aka jona ɗin ta tebur ce da ba a ɗagawa, ba ni da ja. Ta wadatar.

Sai dai ka sani ka mayar da kwamfutar ma'aikaci sabar ba tare da ka gaya masa ba. In ya kashe ta ya tafi sallar Azahar, kowa ya tsaya. In ta yi barci don tattalin wuta, kowa ya tsaya. In laftof ce ya tafi da ita gida, sai gobe. In ya canza kalmar sirrinsa, masu shiga da tsohuwar za su tarar an rufe musu ƙofa, kuma ba lallai Windows ta faɗa musu dalili ba. Akwai kuma wata iyaka da mutane da yawa ba su sani ba: Windows ta kwamfutar tebur, ko 10 ko 11, ba ta karɓar fiye da na'urori 20 a lokaci guda wajen rabawa. Ƙaramin ofis ba zai kai can ba, amma cibiyar koyar da kwamfuta za ta kai.

Abin da ya ƙara wa wannan hanya wuya ya faru a 2021. A tsakiyar shekarar aka bankaɗo wata ɓaraka a manhajar da ke tsara layin bugu a Windows, wadda ake kira Print Spooler, masana tsaro suka laƙaba wa ɓarakar suna PrintNightmare. Ta nan ɗan kutse zai iya shigar da mugun abu da sunan direban firinta, wato manhajar da kwamfuta ke magana da firinta da ita, ya mallake kwamfuta gaba ɗaya. Microsoft ta toshe, toshewar kuma ta zo da sharuɗɗa. Daga watan Agusta na 2021, sai mai ikon admin, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, ne kaɗai zai saka direban firinta da aka ɗauko daga wata kwamfutar. A watan Satumba kuma aka tilasta ƙarin tsaro kan yadda kwamfutoci ke magana da juna a harkar bugu, daga nan saƙon nan mai lamba 0x0000011b ya cika ofisoshi. Galibi ma'anarsa ita ce kwamfutar da ke riƙe da firinta da mai neman bugu ba su daidaita a sabuntawa ba: ɗaya ta karɓa, ɗaya ba ta karɓa ba, ko kuma tsohuwa ce da ba za ta taɓa karɓa ba. To mu a nan, ofis ɗaya za ka tarar da Windows 7 a kusurwa, wadda aka daina tallafa wa tun 14 ga Janairun 2020, ga Windows 10 da nata wa'adin ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, ga sabuwar laftof ɗin oga mai Windows 11. Ita ta ƙarshen, daga sigar 24H2 ta 2024, in nau'in Pro ce, ta daina yarda ta shiga wata kwamfuta a matsayin baƙuwa marar kalmar sirri. Kowace da dokarta, kuma duk ana so su haɗu a kan kwamfutar akawu.

Za ka ga ana yawo da wani magani a intanet, cewa a shiga rajistar Windows, wato rumbun saitinta na can ciki, a mayar da wata ƙima mai suna RpcAuthnLevelPrivacyEnabled sifili. Yana aiki, ban musa ba. Amma sakatar da aka saka ce ka zare, kuma a shagon da kowa ke zuwa da filash ɗinsa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gara ka sabunta kwamfutocin duka su daidaita, ka buɗe wani asusu mai kalmar sirri a kan mai riƙe da firintar don bugu kaɗai, ka tabbata netwok ɗin yana kan Private ba Public ba, sannan ka hana ta barci. In wata ta ƙi sabuntuwa saboda tsufa, to lokacin barin wannan hanya ya yi.

Firinta mai tsayawa da ƙafarta

A nan babu kwamfutar kowa a tsakiya. Firinta tana da mashigar wayar netwok ko Wi-Fi, a jona ta da rauta ko suwic, wato akwatunan da ke haɗa na'urorin ofis, ta samu lambar IP tata, wato adireshinta a netwok, kamar kowace na'ura. Kowace kwamfuta ta aika mata aiki kai tsaye, yawanci ta ƙofar netwok (port) mai lamba 9100, ko 631 in ta hanyar IPP ce, wato wani yaren bugu na gama-gari. Wajen saye, haruffan da ke ƙarshen sunan firintocin HP suna taimakawa: n na nufin tana da mashigar waya, w tana da Wi-Fi, d tana buga gaba da baya da kanta. Ke nan M404dn tana shiga netwok da waya. A Epson kuwa, L3210 USB ce kawai, 'yar uwarta L3250 ita ce mai Wi-Fi. Na ga waɗanda suka sayo ta farkon don ta ɗan fi sauƙin kuɗi, daga baya suka dawo suna neman yadda za su raba ta.

Wannan ce hanyar da na fi ba yawancin ofisoshinmu shawara, kuma dalilina shi ne cututtukanta kaɗan ne, sanannu ne, wanda bai karanci kwamfuta ba ma zai iya koyon maganinsu.

Babbarsu ita ce canjin lamba. Rauta aro take ba da lambobi, ba kyauta ba. Yau ta ba firinta 192.168.0.105, an ɗauke wuta, an tayar da janareta, komai ya sake tashi, ƙaramar rauta ta manta wa ta ba me, sai wayar wani ta riga ta karɓe 105, firinta ta samu 102. Kwamfutoci suna can suna ƙwanƙwasa 105, Windows ta rubuta Offline, alhali ga firinta a kunne tana kallon kowa. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya sau da yawa a yini, wannan ba abin da zai faru wata rana ba ne, a makon farko zai faru. Maganinsa sau ɗaya ake yi: ko ka shiga rauta ka keɓe wa firintar lamba ta dindindin bisa lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da ta zo da ita daga kamfani, ko ka rubuta mata tsayayyar lamba a jikinta, wadda ke wajen jerin da rauta ke rabawa. Sannan ka rubuta lambar a takarda ka manna a jikin firintar da salatif. Wannan 'yar takarda ta fi manhajoji da yawa amfani.

In ka buga shafin bayanan firinta daga maɓallanta ka ga lambarta ta fara da 169.254, ba ta samu kowa ya ba ta lamba ba ne, sai ta ƙirƙiro wa kanta. Ko ta riga rauta tashi, ko waya ta zare, ko ɓera ya ci ta. A jira fitilun rauta su daidaita, a kashe firinta a sake kunnawa, a duba ko fitilar mashigar wayar tana ƙiftawa.

Sai kuma wata cuta tamu ta gida. Data ta ƙare a rautar ofis, ko netwok ya yi nauyi, sai ma'aikaci ya jona laftof ɗinsa da MiFi ɗinsa ko hotsfot na wayarsa. Intanet ya dawo, firinta ta ɓace. Ya bar gidan da firinta take ne ya koma wani gida. Duba rukuni uku na farko na lambar kwamfutar da na firintar: in wannan 192.168.8 ce, irin wadda na'urorin Huawei ke bayarwa, waccan kuma 192.168.0, irin ta TP-Link, ba za su ga juna ba. Haka ma in aka jona rauta biyu a jere kowace tana rabon lambobinta, ko aka hau layin baƙi na Wi-Fi, wanda da gangan yake hana na'urori ganin juna.

Wajen saka firintar a Windows, kada ka bari ta nemo ta da kanta ta haɗa ta hanyar WSD, don wannan hanya takan rikice bayan an kashe an kunna. Ka saka ta da hannu, ka zaɓi Standard TCP/IP Port, ka rubuta lambar. In duk da haka tana nuna Offline alhali kana iya kai wa gare ta, shiga saitin ƙofar ka cire alamar da ke kan SNMP Status Enabled. Windows na tambayar firinta lafiyarta ta wannan hanya, in ba ta samu amsa ba sai ta yanke cewa ba ta nan.

Gwaji uku ne ke raba gardama, kuma na koya wa sakatarori da dama cikin ƙanƙanin lokaci. A buga shafin gwaji daga jikin firinta: in ya fito, inji da tona da takarda lafiya. A duba lambar da ke shafin ko ta yi daidai da ta salatif. A buɗe burauza a kwamfuta a rubuta lambar: in shafin firintar ya buɗe, netwok lafiya, matsalar tana cikin kwamfutar nan ce kaɗai. Da ka san a wane sashe ciwon yake, rabin aiki ya ƙare, ko ta waya mai gyara zai iya ƙarasa maka.

In da hali, waya ta fi Wi-Fi ga firinta. Da yawansu zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, bangon bulo yana cinye sigina, wasu kuma in sun yi barci sai su saki netwok. Wayar netwok tana kai mita 100 ba tare da ƙari ba, wanda ya ishi yawancin gine-ginenmu. Abin lura kawai shi ne damina: in waya ta ratsa tsakar gida daga wani gini zuwa wani, tsawa na iya bin ta ta ƙone mashigar firinta da ta suwic. A saka ta cikin bututu, in hadari ya haɗu sosai kuma a zare.

Tana da nata rauni, ba zan ɓoye ba. Kowace kwamfuta sai an je an saka mata direba da hannu. Kwamfuta tara, aikin yamma ɗaya ne. Kwamfuta sittin, azaba ce. Babu mai lissafin wa ya buga shafi nawa, sai jimlar da firinta ke ƙirgawa, don haka in takarda tana ƙarewa da wuri ba za ka san ta ina ba. Kuma in wata kwamfuta ta aiko da lalataccen fayil da ke sandarar da firinta, ka kashe ka kunna ta sake aikowa, sai ka bi tebur-tebur ka gano mai shi. A gefe guda, in layin bugu ya cushe a kwamfutar mutum ɗaya, shi kaɗai ya tsaya, sauran suna aikinsu. Kar kuma a manta a saka kalmar sirri a shafin saitin firintar, don duk wanda ke kan netwok zai iya buɗe shi.

Abin da sabar ke sayar maka

Wanda ya ce wa Hajiya sabar tana kashe magana bai faɗa mata duka ba. Sabar ba ta ƙara sauri, kuma ba ta rage yawan abubuwan da za su iya lalacewa, ƙara ɗaya take yi. Abin da take bayarwa iko ne da tsari. A Windows Server, in ka kunna sashen Print and Document Services, daga wuri ɗaya za ka ga duk firintocin ma'aikata. In kuna da Active Directory, wato tsarin da ke riƙe da asusun ma'aikata da kwamfutocinsu a wuri ɗaya, kana iya tura firinta zuwa kwamfutoci ɗari ta sashen dokokinsa mai suna Group Policy ba tare da ka tashi daga kujera ba. Kana iya cewa mai kala sai sashen kaza. Kana iya buɗe layi biyu zuwa firinta ɗaya, ka ba ɗaya fifiko, daga 1 zuwa 99, ta yadda takardar shugaba za ta tsallake jerin gwano. Kana iya haɗa firintoci biyu iri ɗaya a layi guda, wadda ba ta da aiki ta ɗauka. Kuma in ka kunna kundin PrintService, wanda a kashe yake zuwa, kowane bugu zai bar shaida mai lamba 307: sunan mai shi, firintar da ya yi amfani da ita, da yawan shafuka. Ga ma'aikatar gwamnati, ko jami'a irin ta Aliero ko ta Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko babban asibiti, waɗannan abubuwa ne na gaske.

Farashinsu shi ne injin kansa, da lasisin Windows Server, da lasisin kowane mai shiga, da wutar da ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, da tsabtace ƙurar hunturu daga fankokinsa. Sama da duka, mutum. Sabar da ba ta da mai kula da ita kullum, kwamfutar akawu ce mai tsada: ranar da ta tsaya, ba mutum ɗaya ba, duk ginin ya tsaya.

In kana da ita kuma ta fara ba da matsala, raba hanyar gida biyu kafin ka taɓa komai. Hau sabar ɗin ka buga shafin gwaji daga can. In bai fito ba, ciwon yana tsakanin sabar da firinta, sai ka koma ga duk abin da na faɗa a sama: lamba, waya, SNMP. In ya fito, ciwon yana tsakanin ma'aikata da sabar, ka ƙyale firinta ta huta.

Layi ya cushe, an goge aiki ya ƙi goguwa? Tsayar da Print Spooler, ka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka share fayilolin da ke ciki, ka sake tayar da shi. Ka sanar da mutane tukuna, don aikin kowa da ke jira zai tafi, ba na mai laifin kaɗai ba. In yana mutuwa da kansa a kai a kai, kusan kullum wani direba ne ke kayar da shi. A Print Management akwai damar killace kowane direba a nasa ɗakin, ta yadda in ya faɗi ba zai ja sauran ba. Kuma a rage tarkace: direba ɗaya na gama-gari daga kamfanin firintar ya fi guda goma da aka tara shekara da shekaru. A duba faifan ajiya na sabar ma, don manyan fayilolin zane da hotuna suna kumbura sosai a layin bugu, in wuri ya cika komai ya tsaya.

In kwamfuta tana ganin sabar da lamba amma ba ta ganin ta da suna, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke fassara suna zuwa lamba. Sau da yawa wani ne ya canza wa kwamfutarsa DNS zuwa 8.8.8.8 don an ce masa intanet zai fi sauri, ita kuwa waccan lambar ta Google ce, ba ta san sunan sabar ofishinku ba. In ko da lambar ma ba ta shiga, duba ƙofa 445, wataƙila katangar tsaron wata manhajar kashe bairos ce ta rufe ta.

Akwai wata da ta fi ba ni wahala kafin in gane ta, kuma ta fi kama mu da muke sayen kwamfutoci na gwanjo. A kan allon cikin yawancin kwamfutoci akwai ɗan batiri kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo in babu wuta. In ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon sai ya koma baya. Tsarin tantancewa na Active Directory kuwa ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti biyar tsakanin agogon kwamfuta da na sabar. Sai ka ga kwamfuta ɗaya ta ƙi bugu, kalmar sirri daidai, waya daidai, direba daidai. Kalli kusurwar allo ka ga kwanan wata. Batirin da ake samu wurin masu gyaran agogo shi ne maganin.

Game da saƙon da ke neman admin duk sa'ad da ma'aikaci zai haɗa firinta, kada ka kashe dokar a rajista don ka huta. Ko ka riga ka saka direban a kwamfutocin da kanka, ko ka yi amfani da direbobi nau'i na 4, waɗanda suka shigo tun Windows 8 da Server 2012, in firintar tana da su. Kuma kada ka ɗora aikin bugu a kan sabar da ke riƙe da Active Directory ɗinku. Shawarar Microsoft ita ce a kashe Print Spooler a kan irin waɗannan gaba ɗaya.

Ƙaramar sabar ta Linux

Tsakanin hanya ta biyu da ta uku akwai wata da nake ƙauna, amma ba kowa nake ba ita ba. CUPS manhaja ce kyauta da Michael Sweet ya fitar a 1999, Apple ta saye ta a 2007, kuma ita ke bugu a Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, da kwamfutocin Mac. In ka ɗora ta a tsohuwar kwamfuta, ko a 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi wadda wutar da take ci ba ta wuce ta cajar waya mai ƙarfi ba, sai ka mayar da tsohuwar firintar USB ta zama ta netwok. Ana sarrafa ta daga burauza ta ƙofa 631, tana ajiye lissafin shafuka, kuma in an saita ta da kyau wayoyin iPhone da Android ma za su gan ta. Ga mai shago da ke da firintocin USB uku masu lafiya, wannan ya fi sayen sababbi.

Amma ka gwada kafin ka dogara. Ƙananan firintoci masu arha da yawa ba su da ƙwaƙwalwar sarrafa shafi, kwamfuta ce ke yi musu aikin. HP LaserJet 1020, alal misali, sai an loda mata wata 'yar manhaja duk lokacin da aka kunna ta. Irin waɗannan suna buƙatar direba na musamman, kuma ba kowane kamfani ne ya yi wanda zai hau Raspberry Pi ba. Su ne kuma ke ƙin aiki da 'yan akwatunan raba firinta irin TL-PS110U, don haka a duba jerin firintocin da akwatin ya yarda da su kafin a biya. A wasu saitunan, in firinta ta ɓace na ɗan lokaci CUPS takan dakatar da layinta har sai an zo an sake ta da hannu. A canza dokar kuskure zuwa retry-job, in ba haka ba kowace ɗaukewar wuta sai an kira ka. Katin memori na Raspberry Pi ma yana lalacewa in wuta tana yanke masa ba zato, sai a ajiye kwafinsa a aljihun tebur. Ita ma ba ta tsira daga ɓaraka ba, an bayyana wasu a Satumban 2024, don haka a riƙa sabunta ta, kada kuma a taɓa buɗe ƙofa 631 ga intanet. In mutum ɗaya ne kaɗai ya san Linux a wurinku, kuma ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara, ka yi tunani sau biyu.

Maganar wuta ta shafi duk hanyoyin. Firintar lesa tana narkar da tona ne a kan takarda da zafin da ya kusa digiri 200, kuma lokacin da take ɗumama kanta takan fizgi wuta mai yawa. Kada a jona ta da ƙaramin UPS, zai yi kuka ya mutu ya tafi da sabar da ke kansa. UPS na rauta ne da suwic da sabar. Firinta a ba ta sitabilaiza tata. In inbata kuke amfani da shi, a auna ƙarfinsa da firintar a lissafi. Mai tankin tawada ba ta cin wuta sosai, amma in aka bar ta makonni ba bugu a zafin bazara, bakinta yakan bushe.

To wa zai ɗauki wacce? Mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya, Windows iri ɗaya, kuɗi babu: ku raba daga kwamfutar tebur, ku hana ta barci. Daga huɗu zuwa kamar goma sha biyar ko ashirin, ba ku da ma'aikacin kwamfuta na dindindin: firinta mai waya da tsayayyar lamba, ko da sai kun ƙara kuɗi a kan wadda kuka yi niyya. Kuna da tsofaffin firintoci masu kyau da wanda ya iya Linux kuma zai zauna: CUPS. Kwamfutoci sun haura haka, firintoci da yawa, ana buƙatar sanin wa ya buga me, akwai Active Directory da mai kula da shi: a nan ne Windows Server ta cancanci kuɗinta. Ko wacce ka ɗauka, in sabuwar firinta za ka saya, nemi alamar Mopria ko AirPrint a kwalinta. Tun Satumban 2023 Microsoft ta sanar cewa za ta janye a hankali daga rarraba direbobin kamfanoni ta Windows Update, ta koma ga bugu ta IPP, kuma firintar da ke da waɗannan alamomi ta riga ta iya wannan yaren.

A makarantar Hajiya, ranar nan dai mun zare wayar USB muka kai firintar kan kwamfutar hedimasta, malamai suka kawo tambayoyinsu a filash, aka buga. Bayan jarrabawa na zauna da ita muka ƙirga: kwamfutoci tara, babu mai kula da su sai ni da nake zuwa in an kira. Na ce, "Hajiya, kuɗin sabar ki riƙe abinki." Ta sayi firintar lesa mai mashigar waya, muka ja kebul daga ofishin hedimasta zuwa suwic, na ba ta tsayayyar lamba na manna a jikinta, tsohuwar kuma muka bar wa akawu don rasit. Na rubuta gwaji ukun nan da Hausa a kwali muka rataye a bango, na nuna wa malamar da ke kula da rajista sau biyu.

A mako na biyu na sabon zango malamar ta kira ni ina hanyar Argungu. Ta ce, "Malam, ba zuwa za ka yi ba. Malamin aji biyar ne ya ce firinta ta ɓace masa. Na rubuta lambar a burauzarsa ba ta buɗe ba, a tawa ta buɗe. Da na duba, ashe yana kan hotsfot na wayarsa. Na mayar da shi na makaranta, ga takardarsa tana fitowa. Tambayata ita ce, tonar nan da ta fara nuna ta yi ƙasa, za ta kai mu ƙarshen wata?"